Buroila ko kokarel? Yadda za ki gane irin 'yan tsakin da kika sayo kafin su cinye miki jari

Saura mako bakwai Ƙaramar Sallah goggona ta ɗauki adashi. A Rurum take zaune, garin nan na ƙaramar hukumar Rano da ke kusa da madatsar ruwa ta Tiga, kuma ta daɗe tana kiwon kajin Hausa a tsakar gida kamar yawancin matan unguwarsu. A wannan karon sai ta ce bari ta gwada na gidan gona. Lissafinta a shirye yake: ta sayi 'yan tsakin buroila 25, ta ciyar da su mako shida zuwa bakwai, ta sayar da 20 a jajibirin Sallah, a yanka wa yara biyar, ribar kuma ta tafi kuɗin makarantar autarta.

Ranar kasuwar Rano ta aiki ɗanta. Ya tarar da wani mai kwali a bakin hanya, 'yan tsaki masu ruwan ɗorawa-ɗorawa suna ta kuka a ciki. Mutumin ya rantse masa buroila ne, kuɗin kuma bai kai rabin abin da Goggo ta ji ana faɗa ba. Yaro ya dawo gida yana murna ya iya ciniki.

Bayan mako huɗu sai ga wayarta.

"'Yar nan, kajin nan fa suna ci, amma ban ga inda abincin yake zuwa ba. Sai tsawon ƙafa. Jiya ma na tarar da ɗaya a kan katanga."

Na ce, "Goggo, a kan katanga?"

Ta ce, "Da idona."

Tun kafin ta sa a turo mini hotonsu na san abin da ya faru, domin ni ma an taɓa yi mini haka a Kano shekarun baya. Buroila ɗan mako huɗu ba ya hawa katanga. Tashi daga gaban kwanon abinci ma sai ya ga dama. Abin da aka sayar wa Goggo zakarun kajin ƙwai ne, waɗanda masu sana'ar ke kira kokarel.

Ba launi za ki fara tambaya ba

Uwargida, idan kika leƙa kwalin 'yan tsaki, abin da ido ke fara kamawa shi ne launi: wannan fari, wannan ja, wannan baƙi. Launi yana da labarin da yake bayarwa, kuma za mu zo kansa. Amma tambayar da ta shafi kuɗinki ita ce, wane aiki aka samar da ɗan tsakon nan ya yi?

Kajin gidan gona da ke zuwa kasuwanninmu kusan kashi huɗu ne. Akwai na nama, wato buroila. Akwai na ƙwai, wato leyas. Akwai 'yan'uwan leyas ɗin maza, su ne kokarel. Sai kuma masu haɗa nama da ƙwai, waɗanda a nan Kano aka fi sani da maja. Kowanne da abincinsa, da lokacin da zai ɗauka kafin ya dawo miki da kuɗi, da irin wahalar da zai iya jurewa. Idan kika ɗauki wani a matsayin wani, kazar ba ta yi asarar komai ba, ke ce za ki yi.

Yawancin 'yan tsakin nan daga kudu maso yamma suke tasowa, musamman gonakin ƙyanƙyasa na yankin Ibadan, wasu kuma daga Kaduna da Jos. Kwali ɗaya yakan ɗauki 50. Kafin su iso Rano ko Kibiya sun bi ta hannun dillali a Kano, sun bi ta hannun mai shago, wani lokaci har da mai babur da ke zagaya kasuwannin ƙauye. Mace mai son goma ko ashirin ba za ta ga kwalin asali ba, balle rubutun da ke jikinsa. A wannan tsakanin ne suna ke canzawa.

Fari biyu, ciniki biyu

Bari mu daɗe a nan, domin nan ne aka fi cutar mata.

Kowace gonar da ke ƙyanƙyasar kajin ƙwai, kusan rabin abin da ke fitowa maza ne. Namiji ba ya ƙwai, kuma tunda jininsa na masu ƙwai ne, ba ya tara tsoka da wuri. Shi ya sa gona ke rabuwa da shi da arha ƙwarai. A ƙasashen Turai an daɗe ana kashe irin waɗannan tun ranar da aka ƙyanƙyashe su, ko da yake Jamus ta haramta hakan a ƙasarta daga farkon 2022. Mu a nan kiwonsu muke yi, kuma ba laifi ba ne: naman kokarel yana da ƙarfi, yana jure tafasa, mutane da yawa sun fi son sa a miya. Laifin shi ne a sayar miki da shi da sunan buroila.

Abin da ya sa yaudarar ke yiwuwa, kajin ƙwai jajaye irin su ISA Brown an haɗa su ne ta yadda uba ja ne, uwa fara. 'Ya'ya mata sai su ɗauko launin uba, maza su ɗauko na uwa. Wato tun ranar farko macen ja-ja ce, namijin kuma fari mai ɗan ruwan ɗorawa. Ɗan tsakon buroila ma haka launinsa yake. Ki ajiye su biyu a faranti ɗaya ranar da aka ƙyanƙyashe su, wanda ma ya daɗe a sana'ar sai ya duba da kyau.

To me za ki duba? Ki fara da ƙafa. Ƙafar buroila gajera ce mai kauri, yatsun a baje kamar wanda aka shirya wa ɗaukar kaya. Ta kokarel siririya ce. Ki ɗora shi a tafin hannunki: buroila a dunƙule yake, yana cika hannu, kokarel kuwa sakayau za ki ji shi, kuma da ƙyar zai tsaya miki. Amma gaskiya, waɗannan alamu na ranar farko suna taimakawa ne kawai, ba hukunci ba ne.

Hukuncin yana wajen nauyi, kuma ba sai kina da sikeli ba. Dukansu suna fitowa daga ƙwai da nauyin giram 40 ko kusa da haka. Bayan kwana bakwai, buroilan da ya samu abinci da ɗumi yadda ya kamata ya ninka nauyinsa sau huɗu ko fiye, wato ya kai kamar ƙwai uku a hannu. Kokarel a kwana bakwai bai fi ƙwai ɗaya da ɗan ɗoriya ba. A mako biyu ki ɗauki ledar fiya wata ɗaya, wadda nauyinta rabin kilo ne, ki riƙe a hannu ɗaya, ɗan tsakon a ɗaya hannun. Buroila ya kusa kamo ta. Kokarel sai ya yi mako biyar zuwa shida kafin ya kai nan.

Sai hali. Buroila ci, sha, kwanciya. Ƙirjinsa yana faɗi, jikinsa yana girma fiye da yadda gashi ke iya rufe shi, shi ya sa a mako biyu zuwa uku za ki ga jar fata a fili a ƙirji da ƙarƙashin fiffike. Mata da yawa sukan tsorata su ce cuta ce, alhali girma ne. Kokarel kuwa gashinsa yana rufe shi tsaf, fiffike da jela suna fitowa da wuri, yana guje-guje, yana tono, yana dambe da 'yan'uwansa. A mako huɗu zuwa biyar zankon kansa ya fara tashi ya yi ja. Haka na gani a hoton da aka turo mini daga Rurum: kawuna 23 da suka rage, kowanne da jan zanko kamar an ɗora masa barkono.

Da Goggo ta san gwajin kwana bakwai ɗin nan, da ta gane tun ba ta gama buhun farko ba.

Ja da baƙi

Idan ƙwai kike so, aikinki ya fi sauƙi. A cikin jajayen kajin ƙwai, mace ja-ja take fitowa, wata da ɗan zane mai duhu a gadon baya. Idan mai sayarwa ya miƙo miki fari ya ce ai leyas ce za ta rine daga baya, ki mayar masa. Ba ta rinewa.

Baƙaƙen kajin ƙwai ma suna da tasu alamar, kuma tana da daɗin ganewa. Ki duba tsakiyar kai. Ɗan tsako baƙi mai farin ɗigo a ka namiji ne, idan ya girma zai zama wake-wake, baƙi da fari a jere. Wadda kanta baƙi ne wuluk babu ɗigo ita ce mace, za ta girma baƙa, sau da yawa da ɗan ja a wuya. Fari a ciki ko a maƙogwaro ba ya nufin komai, na kan shi ne magana.

Leyas tana fara ƙwai a mako 18 zuwa 20, kuma idan ana ba ta abincin da ya dace tana iya yin kusan 300 a shekara. Kazar Hausa takan yi 40 zuwa 60, domin tana tsayawa ta yi kwanci ta kuma yi reno. Sai dai ki lura da sharaɗin: wata huɗu da rabi kina zuba abinci ba ki ga ko ƙwai ɗaya ba, kuma ranar da kika mayar da ita kan dusa zalla, ƙwan zai ja baya. Mace mai ƙaramin jari ta yi wannan lissafin tun kafin ta saya.

Su kuma 'yan tsakin nan da ake rinawa kore da shuɗi da ruwan hoda ana sayar wa yara, galibinsu kokarel ne. In yaro ya matsa a saya masa ɗaya, to, amma kada ki sa ran ƙwai.

Maja: kwali ɗaya, launi goma

Maja ita ce ta fi rikita masu son gane kaza ta launi, domin ba ta da launi ɗaya. A kwali guda za ki ga baƙi, ja, fari, mai toka-toka, mai zane a baya, har da mai tsirarar wuya. Wannan cakuɗuwar ita kanta alama ce. Buroila da leyas kamar 'yan makaranta suke, kowa da riga iri ɗaya. Maja kuwa kamar taron biki.

Wadda aka fi sani a cikinsu ita ce Noiler, wadda gonar Amo da ke garin Awe a jihar Oyo ta samar. Akwai Kuroiler, asalinta daga Indiya, da Sasso daga Faransa. Akwai kuma FUNAAB Alpha, wadda Farfesa Olufunmilayo Adebambo da abokan aikinta na Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abeokuta suka shafe sama da shekara 20 suna haɗawa daga kajin gida da na waje, aka yi mata rajista a 2018. Mu ma a Arewa muna da tamu, ko da yake ita ta ƙwai ce: ShikaBrown, ja, wadda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta samar don ta jure zafin ƙasarmu. An taɓa gwada waɗannan nau'o'i tare da kajin Fulani a gidajen manoma a jihohi biyar na Najeriya, ciki har da Kebbi da Nasarawa, don a ga wacce ta fi dacewa da kiwon tsakar gida.

Kada ki wahalar da kanki wajen bambance Noiler da Kuroiler da Sasso suna 'yan tsaki. Da ido ba ya yiwuwa, takardar gona ce kawai ke faɗa. Abin da ya kamata ki iya shi ne raba maja da abubuwa biyu da ake fakewa da sunanta.

Na farko baƙin kokarel, mai ɗigo a ka. Idan kwalin da aka ce miki maja ne duk baƙaƙe ne, kuma kowanne da farin ɗigo, to zakarun leyas ne. Na biyu ɗan tsakon kazar Hausa da aka ƙyanƙyashe a inji. Shi ma launinsa barkatai ne, amma ya fi ƙanƙanta, ƙafarsa siririya, sau da yawa mai duhu. Maja tun tana ƙarama ƙafarta da kauri, girmanta kuma yana tsakanin na buroila da na kokarel. Zakaran maja da ya samu kulawa yakan kai kilo biyu a wata uku zuwa huɗu, macen kuma ta fara ƙwai a wata biyar zuwa shida.

Akwai wani abu da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Sunan maja ya zama hula, kowa yana sa wa abin da ya ga dama. Wasu suna tara ƙwan maja daga gidaje su zuba a injin ƙyanƙyasa su sayar. 'Ya'yan za su fito da launuka masu kyau, amma ba lallai su yi girman iyayensu ba, domin waɗannan kaji haɗi ne, kuma haɗi yana warwarewa a jikoki. Ba na cewa kada ki saya. Ina cewa kada ki biya kuɗin ta gona a kan ta gida.

A ra'ayina, ga mace a gari irin Rurum, inda akwai fili, akwai dusar masara da ta dawa, akwai ƙwari da ciyawa da damina, maja ta fi buroila dacewa. Bayan mako huɗu zuwa biyar na ɗumi da abincin buhu, ana iya sakinta ta yi kiwo a riƙa ƙara mata da hatsi. Launinta ma yana ɗan ɓoye ta daga shirwa, wadda ke hango farin ɗan tsako tun daga sama. Buroila kuwa ba ta san kiwo ba, kuma zafin bazara na watan Maris zuwa Mayu yana kashe ta, musamman idan ta yi nauyi a ɗaki mai kwano. Tana da riba, amma ga wadda ta tanadi kuɗin abincin mako shida cif, ta kuma san wanda zai saya ranar da suka isa. Kowace rana bayan nan ci take daga ribarki.

Mace ce ko namiji?

A maja da buroila, maza da mata a haɗe suke zuwa, kuma alamar ɗigon kai ba abin dogaro ba ce a nan. Na sha ganin ana riƙe ɗan tsako ta ƙafa a juya shi ƙasa, wai idan ya ɗago kai namiji ne. Wasu kuma su ce dogon ƙwai zakara ne, kewayayye kaza. Duk canki-canka ne, rabi za ki dace, rabi ki faɗi. Akwai hanyar duba mafitar kashin ɗan tsako wadda masana a Japan suka gano a shekarun 1920, amma sai wanda aka horar, kuma hannun da bai iya ba yana iya kashe shi.

Haƙuri ya fi. A mako biyar zuwa shida zankon namiji da ɗan naman nan da ke reto a ƙarƙashin bakinsa suna girma su yi ja, na mace kuma ƙanana ne, fari-fari. Ƙafar namiji ta fi tsawo da kauri. Daga wata uku gashin wuyansa da na gindin jela suna yin tsini suna sheƙi, na mace bakinsu a zagaye. Sai cara ta zo ta rufe gardama.

A gaban mai kwali

Idan za ki saya, ko za ki aika, ki tambayi sunan gonar da aka ƙyanƙyashe su da ranar da suka fito, ki ce a nuna miki kwalin. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar. Ki tambayi farashi a wuri biyu ko uku kafin ranar. Buroilan da aka yi miki rabin kuɗi, ki san akwai dalili. Ki sayi wajen mai shagon da za ki iya komawa bayan mako guda da ɗan tsako a hannu, ba wanda zai hau babur ya ɓace ba. Idan jarinki bai kai kwali ba, ku haɗu ku uku ko huɗu ku sayi kwali a rufe ku raba.

Wasu matan sun gwammace su ƙara kuɗi su sayi 'yan mako uku ko huɗu. Akwai hikima a ciki: a wannan shekarun kowace kaza ta nuna ko ita wace ce, kuma ta wuce kwanakin da aka fi mutuwa. Sai dai ki tambaya ko an ba su rigakafin Gumboro da Lasota, kuma ki ware su daga kajin gida na mako biyu, musamman da hunturu, lokacin da annobar kaji ke share akurki.

Ita Goggo, da ta gama faɗan da za ta yi wa ɗanta, sai ta tambaye ni, "To yanzu ya zan yi da su?"

Na ce ta daina sayen abincin buroila mai tsada, domin ko buhu nawa suka ci ba za su zama abin da ba su ba. Ta sake su su yi kiwo, tana ba su dusa da tsakin masara safe da yamma, da ɗan garin busasshen kifi idan ya samu, tunda kifi ba ya wuya a bakin Tiga. Ƙaramar Sallah ta zo ta wuce ba ta sayar da ko ɗaya ba, kuɗin makarantar kuma sai da ta sayar da 'yar akuyarta. Babbar Sallah ba kasuwar kaza ba ce, kowa yana fama da naman layya. Sai bayanta ta fara sayar da su biyu-biyu, uku-uku, ga masu suna da masu biki. Ta ce idan aka cire kuɗin abincin farko, uwar kuɗinta ta dawo da ɗan abin sayen sabulu.

Shirwa ta ɗauki biyu, ta bar ɗaya a gida saboda ya fi sauran kyau. Maƙwabtanta dai sun huta, domin akwai watan da zakaru 21 ke tashin unguwar tun kafin ladan. Adashinta na gaba zai fito bayan girbi, kuma sun haɗa kai da mata uku za su sayi kwalin maja a rufe. Ta ce wannan karon da kanta za ta shiga mota zuwa Kano.